Yadda Za Ka Sa Unguwa Ta Ji Tsoron Karen Da Ke Tsoron Kaza

Idan ɓarayi sun mai da lambunka gonar ubansu, kuma ka gaji da zama abin tausayi a shagon shayi, to ka zo inda ya dace. Sunana Tikiri Banda, tsohon shugaban tashar jirgin ƙasa, mutumin da ya yi shekara da shekaru yana tsayar da jirgi da hannu ɗaya. Abin da zan koya maka ba ji na yi ba, a kaina na gwada shi, a unguwarmu da ke bayan garin Gampola. Ka bi matakan nan yadda na jera su. Na yi maka alkawari, kafin kanumfarinka ya bushe, ko mai karanta mitar lantarki ba zai sake taɓa ƙofarka ba.

Mataki na ɗaya: Ka jira a yi maka satar da matarka ba za ta iya musawa ba

Kada ka yi gaggawa. In ka tashi haka kawai ka ce kana son kare, za a tambaye ka wa zai dafa masa abinci, kuma ba ka da amsa.

Ni na yi haƙuri. Aka sare min kan ayaba, na yi shiru. Aka tsige masoron da ke bin bishiyar kwakwa, na yi shiru. Sai ranar da muka shanya kanumfari a tsakar gida, muka shiga cin abincin rana, muka fito babu kanumfari babu tabarmar. Tabarmar kuwa uwar matata ce ta saƙa ta.

Maƙwabcinmu Jinadasa, mai kiwon kaji, ya leƙo ta saman shinge yana murmushi.

“Yallaɓai mai tasha, ashe tsare jirgi ya fi tsare tabarma sauƙi?”

Irin wannan lokacin ne za ka juya wajen matarka da fuskar wanda aka zalunta. Tawa, Silawati, ta dube ni ta ce, “Baban Dilu, na san abin da ke bakinka. Kai za ka yi masa wanka, kai za ka kwashe kashinsa.”

Ka amsa da to. Kakana ya sha faɗa cewa alkawarin da aka yi kafin dabba ta shigo gida, iska ce ke riƙe da shi.

Mataki na biyu: Ka je gidan marayun karnuka, kada ka saurari kowa

Kada ka sayi irin karnukan Turawan nan masu takardar haihuwa. Zafi na damun su, kuma sun fi ka sanin likita. Ka hau tudu, bayan gonar ganyen shayi, inda wata baiwar Allah mai suna Nilmini ta ajiye aikin banki ta koma tsintar karnukan da ake yarwa a ƙofar haikali da bayan kasuwa.

Kana shiga za su taso maka da haushi, masu tsalle na tsalle, masu lasar hannu na lasa. Ka wuce su duka. Kowa ya san kare mai haushi ba ya cizo, don haka hankali ya nuna wanda ba ya haushi shi ne mai cizo.

Can a lungu na hango shi. Baƙi wuluk, ya kusa ɗan maraƙi, kunne ɗaya a yage, ga tabo ya ratsa hancinsa. Bai motsa ba, bai yi ƙara ba, ya dai zuba min ido. Sai da gashin jikina ya tashi.

“Wannan nake so,” na ce.

Nilmini ta goge hannu a jikin rigarta. “Kawu, me za ka yi da kare?”

“Gadi.”

“To ba shi ba. Pulun ba mai gadi ba ne, shi ne ma ke neman mai gadi.”

Pulun, wato auduga. Ka ji sunan da aka ba wannan dodo. Ta ce a bayan wani garejin gyaran mota aka same shi, ɗaure da sarƙa, masu wurin sun tashi sun bar shi. Ta ce ya daɗe a wajenta, duk wanda ya zo sai ya tsorata da fuskarsa ya ɗauki ɗan kwikwiyo.

A nan ka yi murmushin masana. Duk mai kaya mai kyau yakan kushe shi in ba ya son rabuwa da shi.

Za ta yi maka tambayoyin da ko ranar neman aurenka ba a yi maka ba: shingenka ya kai ina, wa ke wuni a gida, ina zai kwana in ana ruwa. Ka amsa duka da ladabi. A ƙarshe ta tsugunna ta riƙe kan karen da hannu biyu, ta yi masa magana a kunnen da ya rage, sannan ta ɗago.

“Sharaɗina ɗaya ne, Kawu. Ba sarƙa. Zan zo in gani, in na tarar da sarƙa a wuyansa, da shi zan koma.”

Mataki na uku: Ka kawo shi gida da rana tsaka, a adaidaitar mai surutu

Kowace unguwa tana da nata. Namu Premasiri ne, wanda in ka gaya masa magana a bakin gada, za ta riga ka isa gida.

Tun da muka hau, karen ya cusa kansa a hammatata yana rawar jiki, har kujerar na kaɗawa. Premasiri yana tuƙi yana satar kallo ta madubi.

“Kawu, gurnani yake yi?”

“Ka dai kalli hanya. Ba ya son a haɗa ido da shi.”

Ya mai da ido kan hanya har muka wuce kwanar makaranta. Sannan ya kasa daurewa.

“Kunnen fa? Me ya yage shi?”

Ga darasi mafi girma a wannan fanni: kada ka yi ƙarya da bakinka in akwai mai yi maka. Ka dubi duwatsu can nesa. Ka ja dogon numfashi.

“Damisa ce?” ya tambaya a hankali.

“Ni dai ban ce ba.”

A ƙofar gida karen ya ƙi sauka. Ya manne da ƙarfen kujera, sai da na rungumo shi kamar buhun shinkafa. Mutane sun taru daga nesa. Ka yi amfani da wannan. Na ɗaga murya ina nishi na ce, “Ku ja baya, da ƙyar nake riƙe da shi.” Ban yi ƙarya ba, nauyi gare shi.

Mataki na huɗu: Ka gano gaskiya, ka rufe ƙofa a kanta

Washegari da safe wata kazar Jinadasa ta biyo ta ƙasan shinge kamar yadda ta saba. Na gyara tsayuwa a baranda don in ga aiki. Karen ya ɗaga kai ya gan ta. Ita ma ta karkata kai ta gan shi. Sai ya miƙe a hankali, ya ja da baya, ya ja da baya, ya shige bayan tulun ruwa, ya bar wutsiya a waje.

Kafin mako ya zagayo mun san sauran. Yana tsoron tsintsiya. Yana tsoron laima, a buɗe ko a rufe. Yana tsoron ƙarar kwanonsa in ya taɓa shi da hanci. Birai suka sauko kan gwanda, ya kalle su kamar mai ba da haƙuri.

Abinci kuwa ya ƙi ci sam. Silawati ta gaji ta zauna kusa da shi a ƙasa, ta buɗe bakinsa ta duba, sannan ta kira ni.

“Zo ka gani.”

Haƙoran gaba duk sun cinye har dasashi. Wajen gwaguyar sarƙa ne.

“Ka tafi neman mai gadi ka dawo min da majinyaci,” ta ce. Ta tashi ta dafa shinkafa ta yi luguf, ta zuba madarar kwakwa, ta marmasa kifi a kai. Ta ajiye, bai ci ba. Ta ɗora hannu a bayansa, sai ya fara ci. Ta ɗauke hannun, ya tsaya. Ta mayar, ya ci gaba. Tun daga ranar haka ake yi, safe da yamma, kuma ba a sake tayar da zancen wa zai yi wanka ba.

Wani zai ce a nan ya kamata ka mayar da shi. Kada ka kuskura. Unguwa ta riga ta ga ka shigo da dodo, kuma Jinadasa yana nan da bakinsa.

Mataki na biyar: Ka sauya masa suna, ka nemo masa murya

Ba a tsoron auduga. Na raɗa masa Mahasona, sunan aljanin maƙabartar da iyayenmu mata ke hana mu yawo da shi. Ba zai amsa ba, amma ba don shi aka sa ba. A cikin gida ka kira shi da sunansa na gaskiya, ƙasa-ƙasa. A waje ka riƙa daka tsawa: “Mahasona, sake shi! Na ce sake shi!” Ba sai akwai abin da ya kama ba.

Ka sa a rubuta allo a ƙofa. Kada ka cika surutu, gajeriyar magana ta fi ban tsoro. Nawa cewa ya yi: AKWAI KARE. MUN GAYA MAKA.

Saura murya. Karen da ba a taɓa jin haushinsa ba, wata rana za a fara tambaya. Namu kuwa ko tari ba ya yi. To ka nemi tsohuwar tukunyar ƙasa mai faɗin baki, ka zaga bayan banɗaki da la'asar, lokacin da mutane ke dawowa daga aiki, ka sa kanka a ciki. Daga ciki ake jawo haushin, ba daga maƙogwaro ba. Biyu a jere, ka huta, sannan ɗaya mai tsawo.

Ranar farko na ɗago kai na ga Silawati tsaye da kwandon wanki, karen kuma ya ɓuya a bayan zanenta.

“Shekara nawa ina gaya wa 'yan'uwana na auri ma'aikacin gwamnati,” ta ce, ta wuce.

Nilmini ta zo duba shi kamar yadda ta ce. Ta shafa haƙarƙarinsa ta ji ya yi nama, ta duba wuyansa ba alamar sarƙa, ta sha shayi, ta yi wa Silawati godiya har da riƙe hannu. Da za ta fita ta tsaya a gaban allon.

“Kawu, ka cire wannan. Mutane ba sa yi wa abin da suke tsoro adalci.”

Ka gyaɗa kai, ka raka ta bakin hanya. Yarinya ce, ta san karnuka, ba ta san ɓarayi ba.

Mataki na shida: Ka sha romon aikinka

Sata ta tsaya cak. Na shanya kanumfari har a bakin ƙofa, ko tsinke ba a ɗauka ba. Mai kawo wasiƙa ya koma jefowa daga tsallaken titi. Ƙanen Silawati, wanda ya saba zuwa gaishe mu duk ranar hutu daidai lokacin da ake sauke tukunya, ya koma gaisuwa ta waya. Wannan kaɗai ya isa lada.

A shagon shayi aka fara tashi a ba ni kujera mai jingina. Labari kuma ya riƙa girma ba tare da na zuba masa ruwa ba. Wai karen sojoji ne aka sallama saboda ya fi ƙarfinsu. Wai a garin Nawalapitiya akwai mutumin da ke ɗingishi har yau. Damisar Premasiri ta zama biyu. In aka tambaye ka, ka kurɓi shayi ka ce ba ka son tuna baya.

Gargaɗi ɗaya a nan: kada ka yarda ka so shi. Kayan aiki ne, kamar kwaɗo da mabuɗi. In ka zauna a baranda ya zo ya ɗora haɓarsa a kan ƙafarka, kuma ka ga ka fasa tashi har ƙafar ta yi sanyi, ka ce jarida kake karantawa. In aka kama ka kana cire masa ƙaya daga kifi da tabarau a hanci, ka ce kula da kayan aiki ne. Ranar da na dawo daga kasuwa ya taso ya tarye ni, wutsiyar nan ta kaɗa sau ɗaya kamar mai gwada ko an halatta, na shiga ɗaki na daɗe ina neman abin da ban ajiye ba.

Mataki na bakwai: In labarin ya fara cin kaji, ka san ya ƙoshi da shayi

Wata safiya Jinadasa ya zo ƙofata, ya tsaya nesa da allon, riƙe da gawar kaza ta ƙafa.

“Mai tasha, fito. Dodonka ya shiga akurkina.”

Na fito. A lokacin dodon yana ƙarƙashin teburin girki saboda an kunna injin niƙa. Maƙwabta sun fara leƙowa. Kalma ɗaya ta isa ta kashe maganar, amma kalmar za ta kashe kujerata a shagon shayi.

“Jine,” na ce, “ka gyara akurkinka. Mahasona ba ya tambayar kazar wa ce.”

Na koma ciki ina jin kaina kamar janar. A matsayina na gwani, ina shaida maka wannan amsa ta yi daɗi a baki. Daɗinta bai wuce bakin ba.

Kaji suka ci gaba da mutuwa. Daga nan komai ya zama Mahasona. Akuya ta yi ɗingishi, shi ne. Yaro ya yi zazzaɓi, ya hango shi ne ta shinge. Takalmin wani ya ɓata a ƙofar haikali, an ga baƙin abu ya gifta. Iyaye mata suka koma zagayawa da yara ta hanyar gada don kada su bi ta gabanmu. Matan da Silawati ke zuwa haikali da su suka daina biyo mata. Aka ce za a kai maganar taron ƙungiyar jana'iza, wanda shi ne taro ɗaya da kowa ke zuwa a unguwarmu, tunda kowa na son a zo jana'izarsa.

Ana sauran 'yan kwanaki taron, Silawati na shara da safe sai na ji tsintsiyar ta tsaya. Ba ta kira ni ba. Shirun ne ya fito da ni.

A gindin shinge, ta ciki, ga dunƙulen shinkafa da kifi, an jefo shi daga waje. An ɗan tsattsage gefensa. Kusa da shi ga hankaka a mace, ƙafafu a sama. Pulun kuma yana zaune ɗan nesa kaɗan, yana kallon dunƙulen, yana kallon Silawati, miyau na zuba. Jira yake ta zo ta ɗora masa hannu a baya ya ci.

Ta sa takardar jarida ta naɗe dunƙulen. Ta wanke hannu, ta zauna a kan dakali, karen ya zo ya jingina da ita.

“Baban Dilu,” ta ce, ba ta ko dube ni ba, “ko ka kashe Mahasona, ko su kashe Pulun. Ka zaɓa kafin ranar taro.”

Mataki na takwas: Ka kashe dodon da hannunka, a gaban jama'a

Wannan matakin ya fi sauran wuya, shi ya sa ƙananan masana ba sa kaiwa nan.

Ka aika wa mai ƙara cewa ya zo da kaza mai rai. Ka sa farar rigarka ta zuwa haikali. Ka cire allon da kanka. Sannan ka ɗauki karen ku tafi.

A zauren haikali ake taron, da yamma. Shugabar ƙungiya ita ce Malama Kusumalata, tsohuwar shugabar makarantar firamare, wadda rabin mutanen zauren sun sha rularta a tafin hannu, sauran rabin kuma 'ya'yansu sun sha. Ana cikin maganar kujerun da aka ara ba a dawo da su ba, sai muka iso.

Pulun ya ga matakala ya ƙi hawa. Na rungume shi na shiga da shi, Silawati na biye. Kafin in kai tsakiya, mata sun haye benci, wani dattijo da ake cewa ba ya iya miƙewa sai da sanda ya riga kowa kaiwa ƙofar baya. Premasiri ya koma leƙe ta taga.

Malama ba ta motsa ba. Ta dube ni ta saman tabarau.

“Tikiri Banda, wannan taron mutane ne.”

“Malama, wanda ake ƙara ne na kawo.”

Na ajiye shi. Na durƙusa na buɗe bakinsa, na juya shi ga jama'a. Na ce duk mai ido ya matso ya nuna min haƙorin da ya kashe kaza. Ba wanda ya matso, amma wuyoyi sun miƙe.

“Jine, saki kazarka.”

Jinadasa ya buɗe kwando. Kazar ta fito, ta karkaɗe jiki, ta fara tafiya a kan siminti tana ƙwas ƙwas. Pulun ya gan ta. Ya dube ni. Ya dubi ƙofa, ya ga mutane. Sai ya kwanta da ciki, ya ja jiki ya shige ƙarƙashin kujerar Malama, ya cusa kai a cikin naɗin dogon zanenta na sari. Kazar ta bi shi, ta tsaya, ta kai wa wutsiyar sara ɗaya. Wutsiyar ta shige ciki ita ma.

Wata ta fara dariya a kan benci, ta toshe baki. Malama ta buga tebur.

“To damisar fa?” wani ya tambaya daga baya.

“Ku tambayi Premasiri.”

“Kawu bai ce ba,” in ji murya daga taga. “Amma bai hana ba.”

Na ɗauka an gama. Sai Malama ta cire tabarau ta ninke shi, yadda take yi in za ta kama mai satar amsa.

“Saura abu ɗaya. Kullum da la'asar ina jin haushi daga gidanka har ɗakina. In wannan bawan Allah ba ya haushi, wa ke yi?”

Na dubi Silawati. Ta dubi rufin zaure.

“Muna jira, Tikiri Banda.”

In ka zo nan, kada ka yi rabi-rabi. Na gyara tsayuwa kamar jirgin fasinja na shigowa, na cika ciki da iska. Biyu a jere, na huta, sannan ɗaya mai tsawo. Babu tukunya, amma an gane muryar.

Ban taɓa jin dariya irin ta ranar a wurin da ake maganar jana'iza ba. Har dattijon nan ya dawo ya zauna don ya yi ta da kyau. Ina tsaye a tsakiya, kunnuwana na zafi, sai daga ƙarƙashin kujerar Malama aka ji wani ɗan sauti, siriri, kamar an tura ƙyauren da ya yi tsatsa. Pulun ne ya amsa min. Haushinsa na farko ke nan tun da ya zo gidanmu, kuma shi kansa sai da ya firgita. In idonka ya kawo ruwa a irin wannan lokaci, akwai hayaƙin turare a zauren, ka ɗora masa.

Da dariya ta lafa, Silawati ta taka zuwa tebur ta ajiye ƙunshin jaridar nan, ta buɗe shi.

“An jefo mana wannan. Hankaka ya ci, ya mutu. Akwai yaran da ke tsinkar gwanda ta wannan shingen.” Ta tsaya. “Ban zo tambayar wa ya yi ba.”

Jinadasa ya sunkuya yana ɗaure kwandon kazarsa, ya daɗe yana ɗaure shi. Malama, wadda hannunta ya riga ya sauka kan baƙin kan da ke jikin ƙafarta, ta ce a koma maganar kujeru.

Mataki na tara: Ka karɓi sakamako da mutunci

Za a dawo da satar kanumfari. Ƙanen matarka zai dawo, da yunwar da ya tara. Yaran makaranta za su riƙa yin haushi in ka wuce, biyu a jere da ɗaya mai tsawo, kuma wasunsu sun fi ka iyawa. Kujera mai jingina za ta koma wajen mai ita. Ka ɗaga kai ka wuce. Su yaran nan su ne yanzu ke tsayawa a ƙofa suna roƙon a bar su su shafa Pulun, shi kuma yana leƙensu daga bayan tulu, kullum yana ɗan ƙara fitowa.

Ba a jima ba aka ga mai cin kajin, wani ƙaton muzuru, yana fita ta rufin akurki da rana kata. Bayan haka Jinadasa ya zo. Wannan karon har baranda. Ya ajiye ƙwai a cikin ƙunshin ganyen ayaba.

“Na majinyacin ne,” ya ce. “A dafa, ba ya son tauri.”

Bai ba da haƙuri ba, ban nema ba. Muka sha shayi muna maganar ruwan sama. Tun da matarsa ta rasu, 'ya'yan kuma suka tafi aiki ƙasar waje, daga shi sai kaji a gidan nan. Da zai tafi ya tsaya yana gyara ɗaurin zanensa.

“Wurin yarinyar nan mai karnuka, ta gonar shayi ake bi ko ta gada?”

Ya je ya dawo da wata 'yar karya ja, mai ƙafa uku, wadda ba ta fi kyanwa ba sosai. Nilmini ta gaya min mota ce ta taka ta tun tana ƙarama. Amma da na shiga shagon shayi bayan kwana biyu, na tarar da Jinadasa a kujera mai jingina, ya kawo karya ya haɗa da ƙarya.

“Aladen daji ne,” yake cewa. “Ita kaɗai ta tare shi a gonar rogo. A nan ta bar ƙafar.”

Duk suka juyo suna kallona, tunda ni ne masanin fannin. Jinadasa ma ya dube ni, kofin shayinsa ya tsaya a hanya.

Na ja kujera mara jingina na zauna.

“Na ga aladen,” na ce. “Bai kai labari ba.”

Sanarwa

Marubucin wannan jagora ba shi da alhakin duk abin da ya biyo baya. Kazar da ta mutu, surukin da ya dawo, muryar da ta dushe, kan da ya maƙale a tukunya, duk tsakaninka ne da unguwarku. In ka je gidan marayun karnuka neman mai gadi ka dawo da wanda za ka yi wa gadi, ba ni na aike ka ba, kuma ba a mayarwa. Mai ƙorafi ya same ni a gida, amma ba yanzu ba. Hadari ya haɗo ta kan duwatsu, an fara tsawa, kuma akwai wanda ke jirana a ƙarƙashin gado.